Tsallaka Kogin Kwara daga Zamare zuwa Rofiya a jirgin katako

Bikin 'yar ƙanwata ne ya kai ni Agwara, kuma duk wanda na tambaya a Yauri amsarsa ɗaya ce: in mota zan bi, sai na zagaya ta madatsar Kainji, yini ya tafi, in ruwa zan bi, na sauka Zamare na tsallaka Rofiya da hantsi. Ni ɗan tudu ne, ban iya iyo ba, amma na zaɓi ruwan.

Jirgin dogo ne na katako, da injin Yamaha a bayansa. Kuɗin tsallakawa bai taka kara ya karya ba, kuma ba a yi mini farashin baƙo ba, abin da kowa ya biya shi na biya. Wannan na yaba.

Abin da ban yaba ba shi ne lodi. An zuba buhunan albasa da shinkafa, aka ɗora babura uku, aka shigo da awaki, sannan mu. Ina kallon gefen jirgin yana ta sauka har tsakaninsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Na ce wa matuƙin, “Ɗana, ai ya isa haka.” Ya yi dariya ya ce, “Baba, kwantar da hankalinka, a cikin ruwan nan aka haife ni.” Ban musa masa ba, sai dai ni ba a ciki aka haife ni ba. Rigunan ruwa kuwa ban ga fiye da biyar ba, su ma an yi matashi da su. Da na nemi ɗaya, wata dattijuwa ta dube ni kamar na ce ban yarda da ƙaddara ba. Na saka abata. Wanda ya tuna jirgin da ya kife a kusa da Wara a watan Mayun 2021, ya ci rayuka masu yawa, ba zai ji kunyar kallon mutane ba.

Gwanintar yaron dai ba ta da makusa. Bai miƙe sak ba, sai ya riƙa karkacewa a wuraren da ni ban ga komai ba. Na tambayi wani Basarke, wato masunci, da ke kusa da ni, ya ce kututtura ne. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, itatuwan da ya shanye suna nan a tsaye a ƙarƙashi, jirgi na bugun ɗaya katako ya tsage. Matuƙin kirki ya haddace wurarensu kamar yadda direban tasha ya haddace ramukan titi. Sau ɗaya kainuwa ta naɗe farfela, ya kashe inji, ya sa hannu ya cire, muka ci gaba. Ƙaninsa kuma tun daga tashi har sauka yana kwashe ruwa da yankakken galan.

Da muka kai tsakiya na manta da tsoro na ɗan lokaci. Iska mai sanyi, Gungawa, mutanen tsibiran kogin, a ƙananan kwale-kwale suna jefa birgi, balbelu jere a bakin gungu. Ba gargada, ba ƙura, ba shingen da za a tsayar da kai.

A Rofiya babu matakala, sai da na naɗe wando na taka taɓo, takalmin biki a hannu.

Zan sake hawa? E, amma da safe kafin iska ta taso, ba ranar kasuwa ba, ba kuma da hadari a gabas ba. Da zan dawo na bar jirgi biyu suka wuce saboda cikarsu, na jira na uku. Ina zaune a gindin bishiya na sayi busasshiyar tarwaɗa ta tsaraba, mai kifin ma har ya yi mini gyara.