Gargaɗi ga 'yan uwa mata: mai sayar da kambas a Instagram ta cinye min kuɗi

Salamu alaikum 'yan zango. Wallahi ban so yin wannan rubutun ba don kunya, amma jiya a gidan suna a unguwar Aboabo a nan Kumasi na ji wata baiwar Allah tana ba da labari sak irin nawa, sai na ce a'a, shiru ba zai yi ba.

Ƙanwata ce ke buga kwallon kwando a makarantarsu, ta dame ni da maganar kambas mai dogon wuya, irin wanda ke rufe idon sawu, wai Jordan 1 take so. Sai na ga wata a Instagram da hotuna masu kyau, fari da ja, ta ce kayan Amurka ne kai tsaye, sidi 480, in tura rabi ta MoMo, wato kuɗin waya, sauran in ba ɗan mashin idan ya kawo. Da na zo turawa sunan namiji ne ya fito a waya, na tambaya ta ce layin mijinta ne, ni kuma da kwaɗayin araha na danna. Kuma fa na san na gaske ya haura dala 100 a can ƙasarsu ma, to ta yaya zai iso Kumasi a wannan kuɗin? Hankalina dai ya tafi hutu ranar.

Kaya ya zo, ɗan mashin yana sauri ya ƙi tsayawa a gwada. Muna buɗe kwali warin gam ya buge mu. Wuyan takalmin, inda ya kamata a ji soso mai taushi ya rungume ƙafa, kamar kwali yake, minti goma yarinyar ta yi da shi a tsakar gida bayan dunduniyarta ya sale. Ƙasan kuma sulɓi, a kan siminti sai zamewa, ina ga filin wasa da ake tsalle ana birki. Lambar da ke cikin harshen takalmin daban, ta jikin kwalin daban.

Ga kuma girman. Na ce wa mai sayarwar 39, wanda a lambar Amurka 8 ne na mata, ko 6.5 na maza, don tazarar ɗaya da rabi ce tsakaninsu. Ita ta aiko 6.5 na mata, wato 37 da rabi, yatsun yarinya a dunƙule. Da na kira ta, sai daɗin baki, "Hajiya yi haƙuri, yarona ne ya rikita lambar maza da ta mata, ƙaro sidi 70 na mashin a canza miki yau ɗin nan." Na ƙara! Ko awa ɗaya ba a yi ba ta yi bulokin ɗina a WhatsApp da Instagram duka.

Matar Aboabon nan ita ma haka aka yi mata, har maganar yaron da ya rikita lamba, sunan shafin kawai aka canza, hotunan su ne dai.

Ƙarshe kasuwar Kejetia muka je, yarinya ta sa safar da take wasa da ita, ta ɗaure igiya har sama, ta yi tsalle a gaban mai shago, muka ɗauki na gwanjo mai kyau. Maganar waccan kuwa na kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana, na kai ƙara. Duk wadda aka yi wa irin wannan kar ta goge hirar da saƙon MoMo, ta same ni ta inbos mu haɗa shaidunmu wuri ɗaya.