Tantance sa hannun taurari a PSA: me kuɗinka yake saya?

Jesin da aka ce Messi ko Ronaldo ya sa wa hannu sun cika kasuwar intanet ta eBay, kuma duk mai alƙalamin maka da ɗan ƙwarewa zai iya kwaikwayon rubutun cikin minti ɗaya. Matsalar ba ta yau ba ce. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta bankaɗo gungun masu buga sa hannun jabu a binciken Operation Bullpen, har takardun shaidar da suke haɗawa da kayan na bogi ne. Irin wannan kasuwa ce ta sa ake neman PSA, kamfanin jihar California a Amurka da aka kafa a 1991 don tantance katunan hotunan 'yan wasa da ake tarawa, wanda ya buɗe sashen sa hannu a 1998.

Aikin ba shi da sarƙaƙiya. Za ka cike fom a shafinsu, ka faɗi sunan mai sa hannun da irin kayan, ka biya, ka aika. Farashi ya danganta da girman sunan. Masanansu suna ɗora rubutun kusa da samfuran da suka tabbatar, su duba karkatar haruffa, saurin hannu, inda alƙalami ya danne da inda ya ɗaga. Nan ake kama mai kwaikwayo, domin shi zana rubutun yake a hankali, layinsa na rawa, tawada ta taru inda ya tsaya tunani. Na'urar autopen kuwa, wadda ke maimaita sa hannun mutum da kanta, kaurin layinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, da ɗigo a inda ta sauka da inda ta tashi. A wannan fanni PSA sun iya aikinsu.

Idan kaya ya tsallake, za a manna masa sitika mai lamba, a haɗa da katin shaida ko cikakkiyar wasiƙa mai ɗauke da hoton kayan. Wasiƙar ta fi, ko da za ta ƙara kuɗi, saboda hoton ne yake hana a ɗauke shaidar a jingina wa wata riga. Kati da ƙananan hotuna ana iya rufe su cikin roba mai tauri.

Sai dai a san abu ɗaya: ra'ayin ƙwararru ake saya, ba shaidar ganin ido ba, sai fa kayan da wakilinsu ya tsaya aka sa wa hannu a gabansa, wanda shi rukuninsa daban. Shi ya sa wani lokaci PSA su ƙi abu, wasu kamfanonin tantancewa irin su JSA ko Beckett su karɓa. Sa hannun 'yan ƙwallo ya fi wahala. Wanda aka tare a bakin otal, ya ja layi biyu a kan rigar da ba a miƙe ba yana tafiya, ba zai yi kama da na zaune a tebur ba, ko da na gaske ne. Kuma in suka ce jabu ne, kuɗin tantancewa ya tafi. Tauraron da ba su da samfurin hannunsa kuwa, babu abin da za su gwada da shi, don haka a tambaya kafin a aika na ɗan wasan gida ko jarumin Kannywood.

Ga mai aikawa daga Najeriya ko Nijar, lissafin yana da nauyi: kuɗin jigila zuwa da dawowa, inshora, katin da ke biyan dala, ga kwastan. In rigar ba ta da tsada sosai, ɗawainiyar za ta fi ta daraja. Wanda ya dage, ya naɗe ta yadda lanƙwasa ba za ta bi ta kan tawada ba, ya sa farar takarda a kan rubutun, domin tawadar maka tana like wa leda a cikin zafi.

Abin da ya fi amfani ga mai saye daga nesa shi ne hidimar PSA mai suna QuickOpinion: ka tura musu adireshin tallar kafin ka biya, su duba hoton su ce da alama na gaske ne, ko akasin haka, ko ba za su iya yanke hukunci ba. Ba takardar shaida ba ce, amma tana da araha. In kuma kayan ya zo da sitika, a shigar da lambar a shafinsu, kyauta ne, a tabbatar sunan mai sa hannun da irin kayan sun dace da abin da ke hannu, domin sitikar ma ana buga jabunta.