Gargaɗi Kan Masu Damfara da Inbatar Moto a Intanet

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wutar lantarki ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, duk mai injin niƙa, ko injin casar shinkafa, ko gidan ruwan leda, ya shiga laluben hanyar da zai rage abin da wuta da mai ke cinye masa. Wannan matsin ne wasu marasa tsoron Allah suka mayar jarinsu. Suna buɗe shafuka a Facebook, suna yaɗa hotuna a zaurukan WhatsApp, suna tallar na'urar sarrafa gudun moton lantarki mai juya inji, wadda masu sana'a ke kira inbata ko VFD, da kuma na'urar tayar da moto a hankali, wato sofsitata, a kan farashin da bai kai rabin na shago ba. Na daɗe ina aikin haɗa wutar injuna, kuma abin da ya sa na rubuta wannan gargaɗi shi ne abin da ya sami kawuna, wanda ni na kwance na'urar da hannuna bayan ta ƙone.

Kawu yana da injin casar shinkafa da moto mai kilowat 11 ke juyawa, wato ƙarfin doki 15, kuma a kan wutar layi uku mai bolt 400 irin wannan moto yana jan kimanin amfiya 22 idan yana cikin aiki. Damuwarsa duk a wajen tayarwa take. Moto irin wannan, idan aka jona shi kai tsaye, yakan fizgi wutar da ta ninka ta aikinsa sau shida ko bakwai a daƙiƙun farko, shi ya sa kowace safiya janaretansa ke gurnani yana tofar da baƙin hayaƙi, bel yana ƙara, fitilun wurin suna dusashewa kamar za su mutu. Wani yaronsa ne ya nuna masa tallar a waya. Mai tallar ya ce kayan 'yan Beljiyam ne, an ciro su daga wata masana'anta da aka rufe a Turai, kuma guda uku kacal suka rage. Ya aiko da bidiyon na'urar tana juya wani moto lafiya lau, ya ce da Kawu, "Alhaji, ranka ya daɗe, idan ka sa wannan, rabin man da kake sha ya dawo aljihunka." Kawu ya tura kuɗi gaba ɗaya, kaya suka zo ta tasha cikin kwali, ba rasit, ba littafin bayani.

Ranar da aka haɗa ta, ba na gari. An tayar da injin babu komai a ciki, ya tashi sumul, kowa ya yi murna. Da aka zuba shanshera, ba a yi minti biyu ba na'urar ta yanke wuta, ta nuna alamar cewa wutar da ake ja ta wuce ƙarfinta. Aka sake, ta sake yankewa. Sai yaron ya kira mai kayan, shi kuwa ya ce ai saiti ne, ya riƙa karanta masa lambobin da zai danna, har ya sa shi ya ɗage iyakar kariyar zuwa ƙarshenta. A tayarwa ta uku aka ji ƙara kamar ta bindiga, warin ƙonewa ya cika ɗakin. Daga wannan lokaci lambar mutumin ta daina shiga.

Da na dawo na ɗauki na'urar, nauyinta ne ya fara ba ni labari, domin ta yi sakayau fiye da yadda inbata mai kilowat 11 take a hannu. Na sa farce a gefen sitikar da ke jikinta, mai ɗauke da sunan wani sanannen kamfanin Turai, sai ta ɗago da sauƙi, gam ɗinta ko bushewa bai gama yi ba. A ƙarƙashinta akwai tsohuwar sitika da aka goge rabinta da sanfefa, amma ana iya karanta kilowat 5.5 a jikinta. Na'urar da aka ƙera don ta ba da amfiya 12 ko 13 ce aka ɗora wa moto mai neman 22. A ciki kuwa, ƙura ta daskare a jikin ƙarfen sanyaya, fankar ta cije, kuma biyu daga cikin manyan kafasitocin, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinta, sun kumbura a kai. Na ce, "Kawu, wannan ko da ba a ɗage kariyarta ba, ba za ta yi maka sati ba." Ya yi shiru, ya ce, "To ɗana, ai ni sunan kamfanin na gani." Bidiyon da aka aiko masa ma ba ƙarya ba ne, kuma a nan dabarar take: moton da ba ya ɗauke da kaya yana jan wuta kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ƙaramar inbata za ta juya shi yini guda ba ta yi gardama ba.

Sauya sitika ɗaya ce daga cikin hanyoyinsu, kuma wadda ta fi ta yawa ita ce sayar da sofsitata da sunan inbata, saboda galibin masu saye ba su san bambancinsu ba, kuma a waje duka akwati ne mai wayoyi uku na shiga da uku na fita. Sofsitata aikinta na daƙiƙu ne. Tana ƙara wa moto ƙarfin bolt sannu a hankali har ya kai cikakken gudunsa, daga nan ta gama, yawancinsu ma kwantakta, wato makunnin da ke jona wuta da kansa, ce ke karɓar aikin ta wuce da wutar kai tsaye. Ba ta taɓa bugun wutar, wanda a Najeriya da Nijar yake 50 a daƙiƙa, don haka moto mai juyi 1450 a minti zai ci gaba da juyi 1450 ɗinsa. Ita kuwa inbata tana fara mayar da wutar da ta shigo ta zama irin ta batir, ta tara ta a kafasitoci, sannan ta sake ƙirƙiro wutar layi uku a kan bugun da aka zaɓa, 30 ne ko 40 ko 50, kuma da haka gudun moto ke raguwa ko ƙaruwa. Saboda wannan ƙarin aiki ne ta fi tsada, musamman a manyan injuna. Duk na'urar da aka ce inbata ce, amma allonta ba ya nuna adadin Hz, wato bugun wutar, kuma babu yadda za a rage gudun moto yana cikin aiki, to sofsitata ce aka sayar a farashin da ba nata ba. Na ma taɓa buɗe wani akwati da aka sayar wa wani mai gidan ƙanƙara da sunan sofsitata, na tarar da kwantakta uku da taima, wato tsohon haɗin tayar da moto da ake kira sita-delta, wanda kowane mai wayarin ke iya yi, an dai liƙa masa mita mai haske a murfi don ya yi kama da kayan zamani.

Maganar rage rabin kuɗin wuta ita ce ta fi jan mutane, kuma gaskiya ce aka gutsuro aka shafa wa ƙarya. A famfon ruwa mai fiffike da kuma fanka, ƙarfin da ake buƙata yana sauka da sauri idan aka rage gudu, har idan aka mayar da gudun kashi 80 cikin 100, wutar da za a sha takan dawo kusan rabi. Wannan lissafi bai shafi injin niƙa ko na casa ba, domin su a cikakken gudu suke aiki, kuma nauyin hatsin da ke cikinsu ba ya raguwa don an sa inbata. Ko a rijiyar burtsatse ma sai da lura, saboda idan rijiyar tana da zurfi aka rage wa sumo, wato famfon da ke cikinta, gudu da yawa, zai yi ta juyawa ne ruwa bai iso baki ba. Ita sofsitata kuwa, bayan ta tayar da moto, ba ta rage komai a mita. Amfaninta na gaskiya shi ne sauƙaƙa wa janareta da bel da bututun ruwa fizgar tayarwa, kuma a ganina ita ce ma ta dace da Kawu tun farko, a kan kuɗin da bai kai wanda ya yi asara ba.

Akwai kuma masu tallar inbatar da suke cewa tana mayar da wutar gida mai layi ɗaya ta zama mai layi uku, kuma za ta ɗauki kowane moto. Irin wannan na'ura tana nan, halaliya ce, amma wadda aka saba da ita idan an ba ta bolt 230 na layi ɗaya, bolt 230 na layi uku take fitarwa, ba 400 ba, kuma galibi ta ƙananan motoci ce masu kilowat biyu ko uku. Moton da farantin bayanan da ke jikinsa ya nuna bolt 230/400 zai yi aiki da ita idan an sauya haɗin wayoyinsa zuwa wanda ake kira delta. Wanda ya nuna 400/690 kuwa ba zai sami ƙarfinsa ba, zai yi ta nishi yana zafi har koyil ɗinsa ya ƙone a kai shi wurin naɗi. Mai damfara ba ya tambayar abin da ke rubuce a farantin motonka, alhali ita ce tambayar farko da duk dillalin kirki ke yi.

Idan abu ya lalace, uzurinsu biyu ne, ko su ce wutar Nepa ce, ko su ce zafin ƙasarmu ne. Lallai yawancin waɗannan na'urori an auna ƙarfinsu ne a kan zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a watan Afrilu ɗakin inji mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato yakan zarce haka, ga ƙurar hunturu da dusar shinkafa da ke toshe hanyar iska. Amma wannan dalili ne na a sayi wadda ta ɗan ɗara moto ƙarfi, a kuma kafa ta inda iska ke shiga. Inbata mai lafiya idan ta ji zafi ko ta ga wuta ta yi ƙasa, yankewa take yi ta nuna alama, ba ta fashewa a ranar farko.

Wanda zai saya, ya fara da karanta amfiyar da ke farantin motonsa, ya gwada ta da amfiyar fitarwa da ke jikin na'urar, domin ita ce ma'auni, ba kilowat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Injin niƙa da na casa suna buƙatar ajin aiki mai nauyi, wanda yawanci ke jure kashi 150 cikin 100 na ƙarfinsa na tsawon minti ɗaya, saɓanin ajin famfo da fanka da ke jure kusan 110 kawai, kuma na'ura guda takan zo da lambobin biyu, mai algus ya faɗi babbar ya ɓoye ƙaramar. Kamfanoni irin su ABB da Siemens da Schneider Electric da Danfoss suna sa littattafan kayansu kyauta a shafukansu na intanet, inda kowace lambar samfuri ke da amfiyarta da tsawonta da faɗinta da nauyinta, don haka awo da sikeli sun isa su tona asirin sitikar jabu. Kayan hannu ba haramun ba ne, ni ma ina haɗa su, sai dai inbatar da ta shekara biyu ko fiye a ajiye ba wuta tana buƙatar a farfaɗo da kafasitocinta a hankali kafin a ɗora mata aiki. Kada a biya kuɗi duka sai an gwada ta a kan injin da za ta yi aiki da shi, da kaya a ciki, kuma a rubuta lambar na'urar da amfiyarta da wa'adin garanti a rasit mai adireshin shago. Wanda zai buɗe ta don dubawa ya jira aƙalla minti goma bayan kashe wuta, ya kuma auna kafin ya taɓa, domin kafasitocin inbata mai bolt 400 suna riƙe wutar da ta haura bolt 500, kuma tana kisa.

Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi da hotunan hirarsu da ita kanta na'urar, ya sanar da bankinsa da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, ya kuma kai koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ko hukumar kula da ingancin kaya, SON. Mun bi waɗannan hanyoyi a kan lamarin Kawu, kuma har yanzu kuɗinsa ba su dawo ba. Shafin da ya yaudare shi ya ɓace kwana biyu bayan ƙonewar, amma a makon jiya yaronsa ya sake nuna mini wani sabo mai suna daban da lambar waya daban, da bidiyon nan dai na moto yana juyawa babu kaya, an rubuta a ƙasansa cewa guda uku suka rage.