Jerin farashin kayan gini da diloli ke turawa ta WhatsApp: inda yake da amfani da inda yake ruɗi

Dilolin kayan gini da dama a Kaduna, daga na wajen Panteka har Mando da Kawo, suna tura wa abokan cinikinsu jerin farashi ta WhatsApp, wasu kullum da safe, wasu mako-mako. Kyauta ne. Ga mai son sanin yadda kuɗin gini ke hawa wata bayan wata, ya fi masa alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa amfani, domin a nata lissafin abinci da haya da sufuri ne suka rinjaya, ba siminti da rodi ba.

A kan siminti jerin abin dogaro ne. Buhu kilo 50 ne bara, kilo 50 ne bana, don haka duk canjin da aka gani canjin kuɗi ne zalla. A Oktoban 2023 kamfanin siminti na BUA ya sanar da naira 3,500 kowane buhu a bakin masana'anta, amma zuwa Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya da Dangote da BUA da Lafarge a kan naira 7,000 zuwa 8,000 suka daidaita. Wanda ya ajiye saƙonnin watannin nan yana da wannan tarihi a wayarsa. Abin da za a tambaya kawai: na wane kamfani ne, kuma da kuɗin dako da na sauke kaya a ciki ko babu?

Rodi ne matsalar. Jerin yakan ce "12mm, kaza" ya yi shiru. Cikakken rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, yana da nauyin kusan kilo 10.7, wato kimanin sanda 93 a tan ɗaya. Mai milimita 16 kusan kilo 19 ne, sanda 52 ko 53 a tan. Idan aka rage kauri zuwa milimita 11, nauyin sandar ya dawo kusan kilo 9, an zare kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen ke nan, alhali a jerin farashi bai motsa ba. Mai bin jerin zai ɗauka kasuwa ta tsaya, ashe tsadar ta ɓuya a cikin ƙarfen, kuma ginin ne zai biya ta daga baya. Maganinsa a ɗora sanda ɗaya a sikeli, a raba kuɗin da nauyin, a riƙa rubuta farashin kilo.

Haka bulo: inci 9 na nan a suna, amma guda nawa aka buga da buhu ɗaya? Yashi kuwa ana rubuta "tifa ɗaya" ba a faɗi mai taya shida ce ko goma ba, ga shi yana tashi da damina idan Kogin Kaduna ya cika. Kwano ma sai an faɗi kaurinsa, milimita 0.45 ko 0.55.

Mai son ma'auni na gaskiya ya ɗauki adadin kayan da ke cikin ƙiyasin gininsa, buhu nawa, tan nawa, tifa nawa, kada ya taɓa adadin. Duk ranar ɗaya ga wata ya buga shi da farashin dila guda, ya raba jimillar da ta watan farko, ya ninka da 100. In ya samu 112, gininsa ya ƙara tsada da kashi 12. Da zarar ya sauya dila a tsakiya, lissafin ya gurɓace, sai ya sake ɗaukar wannan watan a matsayin mafari.