ATLS ko PTC: wanne zai fi yi maka amfani a asibitin bakin titi?

Likita, ka ce an tura ka wani asibiti da ke bakin babban titi, kusan kullum sai an kawo waɗanda suka yi haɗarin mota, kuma kuɗinka ba su wuce na kwas ɗaya ba. Cikin kwasa-kwasan nan biyu na koyon kula da waɗanda suka ji munanan raunuka, shin ATLS (Advanced Trauma Life Support) za ka yi ko PTC (Primary Trauma Care)?

Gindinsu ɗaya ne. Duka biyun suna koyar da cewa abin da zai fi saurin kashe mutum shi ake fara dubawa: in jini na kwarara sosai a waje a fara tsayar da shi, sai hanyar iska, sai numfashi, sai sauran zubar jini, sai yanayin ƙwaƙwalwa, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina. Inda suka rabu shi ne irin asibitin da kowanne ke tsammanin kana ciki.

ATLS daga Amurka ya fito. A 1976 wani likitan ƙashi, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirginsa a jihar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka, kuma kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da aka kai su ta girgiza shi. An yi kwas na farko a 1978, kwalejin likitocin tiyata ta Amurka ta karɓe shi a 1980. Akwai jarrabawa, takardar shaidar tana aiki shekara 4, kuma an san ta a ƙasashe da dama. Sai dai yana da tsada, kuma wasu darussansa suna ɗauka cewa akwai jini a ajiye, akwai na'urar hoton CT, akwai likitan tiyata da za a kira ya iso cikin 'yan mintoci.

PTC kuwa, likitocin sa barci irin su Douglas Wilkinson na Ingila ne suka tsara shi a shekarun 1990, musamman domin asibitocin da kayan aiki suka yi ƙaranci. Kwana 2 ake yi. Daga nan a zaɓi wasu a ba su horon kwana 1 na koyarwa, su kuma su koyar da na bayansu. Nas-nas ma suna shiga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da ƙarfe biyun dare nas ce ke fara tarar majinyaci kafin a tashe ka.

Abin da ya fi burge ni da PTC shi ne yana koya maka aiki da abin da ke hannunka. Ga mutum an kawo, ƙashin ƙugu ya karye, jini na zuba ta ciki, babu ɗamarar musamman. Sai ka ɗauki zanen gado ka naɗe, ka zagaya shi daidai kan ƙasusuwan cinya ta sama, ba a kan tumbi ba, ka ɗaure tamau. Wuya kuma a tokare shi da naɗaɗɗen tawul gefe da gefe.

A ganina, PTC za ka fara, ka kuma roƙi shugaban asibitinku ya tura nas biyu tare da kai. In kana da niyyar ƙwarewa a tiyata ko aiki a waje, ATLS na nan, ka yi shi daga baya.

Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata akwai allurar tranexamic acid, mai rage zubar jini, a ɗakin gaggawarku. Binciken CRASH-2 na 2010, kan majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mace-mace, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna sai an yi ta cikin awa 3 da samun rauni.