Gadon kujera ko hawa daga ƙasa: Abe da Suga a siyasar Japan

Shinzo Abe, tsohon firayim ministan Japan, ya tarar da hanya a share. Kakansa na wajen uwa, Nobusuke Kishi, ya yi firayim minista, mahaifinsa Shintaro ya riƙe ma'aikatar harkokin waje. A 1993 Abe ya shiga majalisar ƙasa daga Yamaguchi, mazaɓar gidansu, bai taɓa zama kansila ba. Magoya baya da suna duk gadonsu ya yi.

Yoshihide Suga kuwa, wanda ya gaji Abe a kujerar firayim minista, ɗan manomi ne daga Akita, can arewa inda dusar ƙanƙara ke yawa. Ya yi shekara 11 yana sakataren wani ɗan majalisa, sannan a 1987 ya ci kujerar majalisar birnin Yokohama, bayan ya bi gida-gida da ƙafa yana neman ƙuri'a a garin da ba nasa ba. Sai 1996 ya isa majalisar ƙasa, yana da shekara 47.

Ni hanyar Suga ta fi kwanta min a rai, domin ana ganin tasirinta a aikinsa. Shi ya tsaya kan tsarin da ke ba mazaunin birni damar karkata wani ɓangare na harajinsa zuwa garuruwan karkara, wanda aka fara a 2008, ya kuma matsa wa kamfanonin waya su rage kuɗin da suke caja.

Amma gado na da ƙarfinsa. Abe ya yi kusan shekara takwas a jere yana mulki daga 2012, Suga na babban sakataren majalisar ministocinsa. Da Suga ya gaje shi a 2020, ba shi da ɓangare nasa a jam'iyyarsu mai mulki ta LDP da zai kare shi, ga annobar korona. Shekara guda ya yi ya sauka.