Kwana shida da adaidaitar haya a bikin ƙanwata

Hutun kwana takwas aka ba ni a wurin aiki, biyu daga ciki hanya ta cinye. Duk wanda ya san tsakanin Yamai da Maraɗi ya san ba a yin komai ranar tafiya: kilomita sama da 600, ka shiga bas da asuba, ka wuce Doso da Dogon Dutse da Ƙwanni, ka sauka da yamma ƙafafu sun kumbura. Na iso ranar Lahadi, ɗaurin auren ƙanwata kuwa Asabar da safe.

Ban gama shan ruwa ba Inna ta miƙo min takarda da aka yago daga littafin makarantar yara, an cika ta gaba da baya. Goro, dabino, alawa. Karɓo ɗinki wurin tela biyu. Labule da ledar ɗakin amarya. Kai wa Gwaggo ankonta Tsibiri. A can ƙasa, da wani biro daban, ga sunayen gidaje tara da zan je gaisuwa: mutuwa huɗu da aka yi ba na gari, haihuwa uku, sai tsofaffi biyu waɗanda in na koma ban taka gidansu ba za a shekara ana maganar. "Ke 'yar nan," in ji ta, don ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, "tunda kin zo ai na huta."

Gidanmu babu mota. Kawu yana da ita, amma motar kawu a makon biki rijiyar unguwa ce, kowa da gugansa. Kabu-kabu kuma, wato mashin na haya, ba zai ɗauke ni da kaya da ƙanwar Inna ba. Ƙanena ne ya ce me zai hana a ɗauki adaidaita haya, yini sukutum, har a watse. Ya kira wani saurayi da yake kai 'ya'yan maƙwabtanmu makaranta. Abin da na gani ke nan a kwana shidan da na yi da shi, ko zai amfani masu zuwa gida biki ko suna da ɗan guntun hutu irin nawa.

Da farko ya nemi jika 12 a yini, mai nasa. Muka tsaya a jika 8, mai nawa. Ga 'yan'uwanmu na Najeriya masu karantawa, jika a wurinmu sefa dubu ce. Na zaɓi in riƙa zuba mai da kaina don farashinsa a gidan mai sananne ne, sefa 499 lita a lokacin, tun da aka rage shi a watan Yuli na 2024, ba abin da za a yi gardama a kai. Zamanin da 'yan ruwa-ruwa suke zube da kwalabe a bakin hanya suna sayar da man Najeriya da araha ya wuce tun da aka cire tallafi can a 2023. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa adaidaitar ba tasa ba ce, kullum da dare yana kai wa mai ita kasonsa, don haka yana son kuɗinsa kowace yamma. Wannan bai dame ni ba. Abin da muka bari ba mu faɗa ba shi ya dawo ya cije ni: ƙarfe nawa yini yake ƙarewa, ina ne iyakar gari, kuma wa ke da ikon aikensa.

Litinin ranar kasuwa ce a Maraɗi, ita da Juma'a, kuma a ranar na fara ganin amfanin kuɗina. Ya san ƙofar da ta fi kusa da 'yan goro, ya san inda zai raɓe ba a kore shi ba. Sau huɗu ina shiga babbar kasuwa hannu sake, in fito da ɗan dako, a zuba kaya, in koma. Shi yana zaune kan kayan. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwa da ƙullin kaya uku yana tarar abin hawa ya san yadda kuɗin mota yake ninkuwa da zarar direba ya hango kaya, ya kuma ga lalle bai hau hannunka ba tukuna amma fuskarka ta biki ce. Duk wannan cinikin na tsallake shi. Da 'yan'uwan Baba na Katsina suka aiko gudummawarsu da naira, shi ya kai ni wurin 'yan canji, ya ce in tambayi mutum biyu kafin in miƙa. Na tambaya, kuma akwai bambanci.

Amma in aka ce in faɗi abu ɗaya da na saya da jika 8 ɗin nan, jira ne. Azumi ya matso, kowa yana son ya aurar kafin watan ya tsaya, teloli sun karɓi aikin da ya fi ƙarfin kekensu. Telanmu na farko mace ce, ta cika alkawari. Na biyu kuwa ranar Talata na tarar da atamfar amarya a ninke yadda aka kai ta, ko almakashi bai taɓa ta ba. Ya ce an ɗauke wuta. Wutar kam an ɗauke, amma kayan mako uku suka yi a shagonsa. Na zauna awa biyu sai da na ga an yanka, mai adaidaita yana waje ƙarƙashin dogon yaro, bai leƙo ko sau ɗaya ya ce Hajiya rana tana yi ba. Washegari shi da kansa ya ce in bar masa telan. Duk lokacin da ya sauke ni a gidan da zan jima, sai ya koma shagon ya zauna kan benci yana kallon mutumin. Ba faɗa, ba zagi, zama kawai. Ranar Alhamis da hantsi kaya bakwai suka fito. Ban san wane abin hawa ne ake biya ya yi maka wannan ba.

Laifinsa na farko ranar Laraba ya zo. Na shiga gaisuwar mutuwa a unguwar Sura Bildi na ce masa minti goma. Ni ma na san ƙarya nake, gaisuwar mutuwa ba ta da minti goma, balle ga wadda ta zo daga Yamai. Sai an yi addu'a, an ba ka labarin jinya tun daga farkonta, an kawo fura, an tambaye ka yara da maigida da dalilin da ya sa ka rame. Na fito bayan kusan awa guda, babu shi babu adaidaita, ga kuma labulen amarya da kwalin turaren wuta a ciki. Na kira.

"Ga ni nan tahe, Hajiya."

Tahe ɗin nan ya ɗauki minti arba'in. Ina tsaye a ƙofar gidan mutuwa, ba dama in koma ciki bayan na yi sallama, ba inuwar kirki a waje. Da ya zo ya ce ya ga na daɗe ne, wata mata ta tsayar da shi, ya ce bari ya ɗan kai ta nan kusa. Daga nan kusa ya samu wasu. Kayana ba abin da ya taɓa su, na duba. Amma yinin na biya, man da ya ƙona nawa ne, ya kuma yi yawo da kayan ɗakin amarya tare da mutanen da ban sani ba. Na ce masa, "Malam, in jika 8 ba ta isa ba ka faɗa, mu rabu lafiya." Ya ba da haƙuri, bai sake ba. Sai dai daga ranar na riƙa sauke duk abin da yake da daraja in shiga da shi, wato rabin sauƙin da na saya ya tafi.

Tsibiri ma sai da muka yi 'yar magana. Muna fita gari ya ce wannan ai ba cikin yini take ba, sai an ƙara jika 2. Na biya, don kilomita kusan 12 ne kuma ban faɗa masa tun farko ba. Amma ba zan sake bin babbar hanya a adaidaita ba. Kowace babbar mota ta wuce sai iskarta ta girgiza mu, ƙura ta shigo ta kowane gefe. Na isa gidan Gwaggo gira fari fat, ta dube ni ta ce ko daga sussuka nake. Gaisuwar da nake da ita a Jiratawa sai na jira motar kawu, na kuma dawo da buhun zogale da ba wanda ya sa ni.

Babbar matsalar kuwa ba daga shi ta fito ba, daga gidanmu ne. Kafin Alhamis gida ya cika: 'yan Katsina sun iso, 'yan Damagaram sun iso, tabarmi har zaure. Ban san yadda aka yi ba, lambarsa ta shiga wayar kowa. In fito da takardata a hannu, a ce ai ƙawayen amarya sun aike shi ɗauko mai lalle. Ya dawo, kafin in sa takalmi wata inna ta tura shi niƙa. Ya dawo da gari, an tura shi ƙanƙara. Yini guda na biya kuɗin haya da na mai, ban hau ba sai bayan la'asar. Da na yi masa magana ya ce, "Hajiya, ni ba ni iya ce ma tsohuwa a'a." Gaskiyarsa. Ni ɗin ma ba na iyawa, shi ya sa na so ya yi min. A ƙarshe Inna ce ta raba gardama, ta tsaya tsakar gida ta ce duk mai aike ya biyo ta wurinta. Aiken bai tsaya ba, amma ya ragu, don ba kowa ke son Inna ta ji cewa kati yake so a sayo masa ba.

Ranar jere na ga iyakar adaidaita ita kanta. Manyan titunan gari sun yi kyau tun aikin Maraɗi Kwalliya na 2015, amma gidan amarya yana can bayan unguwar Zariya, inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa. Ƙananan tayoyin nan uku ba su son yashi. Sau biyu muna kafewa, muka sauka ni da ƙanwar Inna muna turi, yaran unguwa suna taya mu suna dariya. Gado da katifa da kabad an ba motar ɗaukar kaya, amma madubin na ce ban yarda da su ba, a sa min a adaidaita in riƙe da hannuna. Ya dube shi ya ce, "Hajiya, wanga madubi ba ya kai." Na ce zai kai. Bai kai ba, ya tsage daga kusurwa a ramin farko. Wannan nawa ne, ban ɗora masa ba. Dublan da alkaki kuwa da suka isa rabi a farfashe nasa ne, don na ce ya bi a hankali, shi kuma da ya ga fili sai ya tuna shi saurayi ne. Dangin ango ba su ce komai ba, abin da ya fi a ce ɗin ciwo.

Juma'a ba ni da ƙorafi. Ya ce duk abin da za a yi a kasuwa a gama kafin sha biyu, don da an fara shimfiɗa tabarmi a titunan da ke kewaye da masallatai sai zagaye mai nisa. Muka gama, ya tafi masallaci, ya dawo ƙarfe uku kamar yadda ya ce.

Asabar tun ba a kira asuba ba yana ƙofar gida, shi ya kai goro da dabino wurin ɗaurin aure, ya yi ta jigilar kulolin abinci har rana ta take. Da dare aka kai amarya, motoci suka cika, tsofaffi uku suka rage, shi ya kwashe su. Na lura ma sun fi son ta da mota, don ba sai an naɗe ƙafa an sunkuya ba, mai ciwon gwiwa tana hawa ba a ɗaga ta ba. Sha ɗaya ta wuce kafin ya sauke mu gida. Nan ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce dare ai daban yake da yini, jika 4. Na gaji, muryata ta dishe, raina ya so ɓaci. Amma mutumin da ya fito tun kafin asuba ba a ce masa yini bai ƙare ba. Na ba shi 3 da kwanon naman biki, ya karɓa.

Da na zauna lissafi, haya jika 48, mai kusan 10, ƙarin Tsibiri da na dare 5, duka wajen jika 63. Kuɗi ne, ba zan ce ba kuɗi ba ne, ya fi abin da na kashe a bas zuwa da komowa. In da zan sake, kwana huɗu zan ɗauka: ranakun kasuwa biyu, ranar tela da gaishe-gaishe, sai ranar bikin. Zan faɗi lokacin tashi tun a wurin ciniki, in ce ba ɗaukar fasinja ko zan kwana a gidan da ya sauke ni, in kuma roƙe shi kada ya ba kowa lambarsa, ko da yake na san wannan na ƙarshe ba mai yiwuwa ba ne a gidanmu. Wata 'yar kawu da za a yi nata bayan salla ta riga ta karɓi lambar, na ba ta tare da labarin Sura Bildi.

Lahadi da asuba ya zo ya kai ni tasha, na miƙa masa kuɗi ya ce a bar shi, wannan rakiya ce. Sai da bas ta wuce Gidan Runji na ciro takardar Inna daga jaka. Duk na soke, saura gida biyu a can ƙasa, na tsofaffin nan. Inna ta riga ta kira sau biyu a kai.